Fuskar da Gregory Ya Ara

Duk wanda ya taɓa zama shan shayi a bakin titin Samaru, daura da ƙofar jami'a, da wuya a ce Gregory bai sace masa hanci ko kunne ba. Mutum yana can yana hura kofi, ko yana musun ƙwallo da jijiyar wuya a waje, bai san akwai wani siririn saurayi a ƙarshen benci da ya ɗora takarda a cinya yana kwashe masa fuska ba. Sai bayan mako biyu ko uku wani ya miƙo masa waya yana dariya, ya ga kansa a intanet, an sa masa hular kwano da takalmin ƙarfe. Wasu su yi fushi, wasu su nemi a turo musu su ajiye. Mai shayin kansa ya fito a zanen har ya gaji da ƙorafi.

Ba mugunta ce ta sa shi haka ba, iyakar iyawarsa ke nan. Gregory ba ya iya ƙirƙiro fuska daga kansa. In ka ce ya zana maka mutum haka kawai, sai ya yi ta juya fensir ya ƙare da wani abu kamar doya mai ido. Amma in ya ga mutum sau ɗaya, ya ga yadda yake ɗaga gira ko yadda leɓensa yake karkacewa in zai yi ƙarya, to an gama, ko uwar da ta haifi mutumin ba za ta yi gardama ba.

A Unguwar Gabas aka haife shi, cikin Sabon Gari, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Mahaifinsa daga kudancin Kaduna ya zo aikin jirgin ƙasa, ya zauna har ya mutu. Gregory ne auta, kuma da Auta ake kiransa a gida har ya yi gemu. Tsakaninsa da yayarsa Winifred akwai tazara mai yawa, don yaran da aka haifa a tsakani ba su rayu ba. Ita ta goya shi, ita ta yi masa wanka, ita ce kuma ta fara shan duka a kansa, ranar da ya ɗauki gawayi ya zana katikis ɗin cocinsu a bangon bayan gida, da ƙaton tumbinsa da ɗan guntun wandonsa. Duk gidan aka fito kallo. Babansu ya zo da bulala don ya hukunta mai zanen, sai ya tarar da babbar 'yarsa ta durƙushe tana dariya har da hawaye, ya fara da ita.

Bayan rasuwar uban, Winifred ta gama kwalejin horon malamai ta kama koyarwa, ta ja ƙanenta har ya gama sakandare. Ya nemi shiga jami'a ya karanci zane, bai samu ba. Ya sake nema, bai samu ba. Sai kawai ya kama ɗan ɗaki a Samaru, ya zama ɗalibin bayan katanga. Yana zana wa 'yan takarar ƙungiyoyin ɗalibai fasta, yana zana ƙashi da ganye da hanjin kwaɗo ga waɗanda aka ba aikin gida hannunsu kuma ya ƙi. Takardarsa ita ce bayan waɗanda suka lalace a shagon fotokwafi. In ya gama da fensir sai ya ɗauka da waya, ya shafa launi da yatsa. Daga baya ya samu wata tsohuwar kwamfutar hannu mai tsagaggen gilashi, ya ɗauke ta kamar jaririya.

Ita kuwa Winifred ta auri Bernard, wani mai walda da ba ya son yawan magana, suka zauna a Hanwa. Aka tura ta koyarwa wata sakandare a ƙauye, can nesa da babban titi, inda sai an sauka daga mota a hau babur. Takan kwana can ranakun aiki, ta dawo gida ƙarshen mako. Kowace Lahadi bayan coci ana haɗuwa a ɗakin Mama a Unguwar Gabas, a ci shinkafa, Winifred ta buɗe bakinta. Ita mace ce da in abu ya ba ta haushi sai ta mai da shi abin dariya, tana yi tana tafa hannu. A lokacin an fara kwashe yara a makarantu nan da can, kowa yana jin labari, kowa a tsorace yake.

Wata Lahadi ta ce, “Mama, ku taya mu murna, an kawo mana tsaro.”

Mama ta ce, “Sojoji?”

“Usur! Kwamiti guda ya zo da motoci uku, suka zagaya, suka ci kaji, suka raba wa kowane malami usur. Wai in mun ga 'yan bindiga mu busa. Na ce ranka ya daɗe, in mun busa wa zai zo? Ya ce wannan kuma aikin wani kwamitin ne.”

Mai gadin makarantar tsoho ne, makaminsa sanda da tocila marar batir. Katangar baya ta faɗi tun damina biyu da suka wuce, awaki ne ke shige da fice. Gregory yana ci yana saurare. Da ya koma Samaru ya zana malamai a jere suna busa usur, 'yan bindiga sun ajiye bindigogi sun fara buga ƙwallo. Ya sa a shafinsa, ya rubuta a sama: Makarantar Jibi. Kafin gari ya waye mutanen da bai taɓa gani ba suna ta tura wa juna.

Haka abin ya fara. Makarantar Jibi makaranta ce ta shekaru masu zuwa, lokacin da hukuma ta gama shawo kan matsalar tsaro. Yara suna zuwa a keke napep mai sulke. Yunifom ɗinsu na ƙarfe ne, in ya matse yaro sai a kai shi wurin mai walda a buɗa masa. An soke lissafi an sa gudu, kuma ba a ba ɗalibi shaidar gamawa sai ya tsere wa babur. Mai gadin mutum-mutumi ne da aka sayo daga waje da tsada, yana da ido takwas, amma da an ɗauke wuta sai ya sunkuyar da kai ya yi barci. Akwai makon da aka ɗora makarantar gaba ɗaya a kan tayoyi, ana canza mata wuri kowane zango don kada 'yan bindiga su gane inda take. Dabarar ta yi aiki sosai, don ranar ziyara iyaye ma ba su same ta ba, shugaban makarantar kuma har yau yana yawo da jaka yana tambaya.

A tsakiyar wannan hauka akwai Malama Tsawa, mace ɗaya mai hankali a duk makarantar, da alli a bayan kunne da usur a wuya. Ba sai an faɗa ba, fuskar Winifred ce. Ga wushiryar nan, ga tabon da ya raba mata girar hagu tun ranar da murfin tukunya ya faɗo mata tana yarinya, ga gilashin da yake zamowa kan hanci, ga ɗaurin ɗankwalin da yake karkata gefe guda kamar zai faɗi amma ba ya faɗuwa.

Ta ce masa, “Auta, ba ka da kunya ko? Wushiryar tawa ce ka buɗe haka kamar ƙofar gareji?”

Ya ce, “Yaya, yadda Allah ya yi ta na sa. Ki kai ƙara can.”

Ta kai masa duka da murfin kwano. Amma tana jin daɗin abin, kowa ya sani. A kasuwar Sabon Gari 'yan mata masu sayar da tumatir sukan ce ga Malama Tsawa, su ƙara mata gyara. Takan dawo tana cewa yau dai zanen banzan nan ya yi rana.

Ba kowa ne yake dariya ba. Akwai masu rubuto masa cewa ba a wasa da irin wannan, akwai iyayen da 'ya'yansu ke daji. Bernard ma ya taɓa ce masa, a hankali kamar yadda yake komai, shi dai abin ba ya ba shi dariya. Gregory yakan ji zafin maganar, don shi ma tsoron ne yake cinsa. Duk Litinin da yayarsa za ta hau babur ɗin nan sai gabansa ya faɗi. Abin da ya sani shi ne in ya zana tsoron ya sa masa hular kwano, yakan samu ya yi numfashi. Bai iya faɗin haka da baki ba, sai ya ce wa Bernard, “To, Allah ya kyauta,” ya ci gaba da abinsa.

Masu karatu sun saba kowace Juma'a da safe sabon zane yana fitowa, kuma in ya makara sai su cika shi da zagi na ƙauna. Wutar Samaru kuwa kowa ya san halinta, ta zo yau ta yi tafiyar mako guda. Don haka ya samo dabara. In aka yi sa'a wuta ta zauna, sai ya rufe ƙofa ya yi ta zane kamar mai girbi, ya tara da yawa, ya jera su a shafin, ya sa wa kowanne ranar da zai fito da kansa. Ko yana barci, ko wayarsa ta mutu, ko yana gadon asibiti, Juma'a na yi zane zai fita. Yana alfahari da wannan dabara, har yana koya wa wasu.

A irin wannan girbin ne, lokacin da Winifred ke ƙorafin an yi wata da watanni ba a biya su albashi ba, ya zana wani da ya ba shi dariya shi kaɗai a ɗaki. A Makarantar Jibi hukuma ta gane darajar malami a ƙarshe, saboda haka kullum in an tashi sai a ɗauki Malama Tsawa a kai ta banki a kulle. Ya zana ta zaune a kan buhunan kuɗi cikin ɗakin ajiya, sojoji sun kewaye ta, ita kuma tana riƙe da kwanon gari ba suga. A ƙasa ya rubuta tana tambaya ko za a ɗan ba ta na mota daga ciki. Ya tura shi can ƙarshen layi, makonni da yawa a gaba, ya manta da shi.

Ranar wata Laraba da safe, ana tsaye a filin taro ana waƙar ƙasa, 'yan bindiga a kan babura suka shigo ta inda katanga ta faɗi. Suka tafi da ɗalibai da dama da malamai mata uku. Winifred tana ciki.

Bernard ne ya zo Samaru a kan babur ɗinsa, ko gilashin walda bai cire daga goshi ba. Ya ce, “Hau.” Suka kama hanyar ƙauyen. A ƙofar makarantar iyaye sun cika gindin wata bishiyar mangwaro, wasu na kuka, wasu sun yi shiru irin wanda ya fi kukan muni. Takalman yara suna warwatse a fili. Babu sabis a garin, kuma kafin yamma wayar Gregory ta mutu a aljihunsa, bai ko lura ba.

Washegari wani dattijo na yankin, wanda aka ce ya san yadda ake magana da mutanen dajin, ya tara su ya yi musu gargaɗi. Ya ce, “Ku ji da kyau. Kada wanda ya kai suna rediyo. Kada a sa hoton kowa a waya. Duk wanda suka gane yana da mutane a bayansa, to ya yi nauyi, ba za su sake shi da sauƙi ba. Ku bar su su ɗauka duk 'ya'yan talakawa ne, ai gaskiyar ke nan ma.” Kowa ya gyaɗa kai. Gregory ma ya gyaɗa, da zuciya ɗaya, har yana ce wa na kusa da shi wannan magana haka take. Suka ci gaba da zama a gindin mangwaron nan, ana kawo musu ruwa daga cikin gari, suna kallon hanyar da baburan suka bi. Juma'a ta zo ta wuce bai san ta zo ba. Wa yake lissafin ranaku a irin wannan wuri?

Ranar Asabar suka dawo don su sanar da Mama abin da ake ciki. Ya tsaya wurin mai cajin waya a Samaru ya jona. Wayar na kamawa ta fara rawa a kan katako, ta ƙi tsayawa. Ya ɗauka ya duba, sai ya zauna a ƙasa a bakin kwata.

Zanen bankin ya fita tun jiya da safe, a kan lokaci, yadda ya tsara. Wata tsohuwar ɗalibar Winifred ta gan shi, ta haɗa shi gefe da gefe da hoton malamarta na gaske, ta rubuta cewa Malama Tsawa mutum ce mai rai kuma tana cikin waɗanda aka kwashe, a taimaka a yaɗa. Aka kuwa yaɗa. Mutane masu kyakkyawar niyya, daga Legas har ƙasashen waje, suka mai da fuskar hoton shafinsu, suna addu'a, suna zagin hukuma. Ya goge nasa, amma goge na me, abu yana wayoyin dubban mutane? Ya rubuta yana roƙo don girman Allah a sauke. Aka ɗauki roƙon ma aka yaɗa, ana cewa ga ƙanenta nan, ku ji tausayinsa.

Bernard ya same shi a ɗaki da la'asar. Gregory ya so a ce Bernard ɗin ya zage shi, ya mare shi, ko me ma. Mutumin ya tsaya a bakin ƙofa kawai.

“Ka sauke?”

“Na sauke. Wallahi tun da daɗewa na jera shi, na manta, ban...”

“Na sani.” Ya daɗe yana kallon ƙasa. “Can cikin dajin babu sabis. Mu roƙi Allah ba su gani ba. Kada ka gaya wa Mama.”

Wannan magana ta babu sabis ita Gregory ya riƙe duk tsawon daminar. Ya sauke duk zanen da ke layi. Ya daina zama wurin mai shayi, don da ya zo sai hira ta mutu. Kullum yana Unguwar Gabas, inda matan zumuntar coci suke cika ɗakin Mama da waƙa da addu'a, ana kiran sunan Winifred a gaban Allah har murya ta dushe. Aka yi abin da iyalai suke yi a irin wannan hali. Bernard ya sayar da injin waldarsa da janareta, Gregory ya kai kwamfutarsa kasuwa, coci ta yi karo-karo, aka haɗa da na sauran iyaye aka miƙa wa dattijon.

Ana gab da girbin masara aka sako su. Yaran suka fito a rame, ƙafafu duk ciwo, da malamai biyu. Bernard yana tsaye a harabar asibitin da aka kai su da zanen matarsa a hannu, wanda ya kawo don ta yafa, yana duba fuska ɗaya bayan ɗaya har motar ta zama wayam. Aka ce masa ƙafarta ce ta kumbura, ba ta iya doguwar tafiya, sun ce in ta warke za su sako ta. Malaman suka faɗi haka, yaran ma suka faɗi haka. Mama ta ce to an gode Allah tana da rai, ƙafa ai tana warkewa.

Gregory ma ya so ya yarda. Amma shi mutum ne da idonsa da kunnensa ba sa barin ƙaramin abu ya wuce, ko yana so ko ba ya so. Ya tambayi wata yarinya wace ƙafa ce, ta ce hagu. Ya tambayi wata, ta kalli ƙawarta, ta ce dama.

Ɗaya daga cikin malaman da aka sako ita ce Modupe, Bayarabiya haifaffiyar Sabon Gari, aminiyar Winifred, ɗaki ɗaya suke kwana a makarantar. Ya bari ta yi mako biyu a gida, sannan ya je gaishe ta. Ya same ta a bayan shagon robobin mahaifiyarta, zaune a kan tabarma da rana tsaka, ta lulluɓa da bargo. Suka gaisa, ya yi mata barka da arziki.

Ya ce, “Anti Modupe, wace ƙafa ce?”

Ta ɗago ta dube shi. “Greg, abeg, na roƙe ka, ka bar maganar nan.”

“Don Allah ki gaya mini. Sun ga zanen ko?”

Ta juya fuska ga bango. Da ta fara magana, muryarta a ƙasa take, kamar mai tsoron robobin su ji.

“Akwai wani dutse da suke hawa su samu sabis. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya sauko yana dariya da waya a hannu. Ya ce mu uku mu tashi mu jeru. Yana ɗora wayar kusa da fuskar kowa. A lokacin gilashinta ya fashe tuntuni, ɗankwalin ma ta yaga ta ɗaure wa wata yarinya ciwo, ta rame, ni kaina da ƙyar nake gane ta. Na ce a raina ba zai gane ba. Ta ce masa, wannan ai zane ne, ɗan'uwana, zane kowa ma yana kama da shi. Sai ya kama haɓarta ya ce ta buɗe baki. Ya duba girarta. Ya ƙwala wa ogansu kira.”

Wani yaro ya leƙo yana tambayar kuɗin bokiti, uwar Modupe ta kore shi.

“Ogan ya ce, ashe ke ce ake ajiyewa a banki. Ta yi bayani har bakinta ya bushe. Ta ce wasa ne, ƙanena ne mai zane, albashi ma ba a biya mu ba, ku dubi kwanon garin da ke hannuna. Ya ce shi bai yi boko ba amma yana da ido, ba a zana matsiyaci da sojoji a bayansa. Kuma in ba kowa ba ce, me ya sa duk ƙasa take kuka a kanta ita kaɗai? Daga ranar suka ware ta. Abin da suka ce a kawo a kanta daban, dattijon nan ma bai iya faɗa wa Bernard ba.”

“Maganar ƙafar fa?”

“Ita ta shirya. Ranar da za mu taho ta tara mu, har yaran, ta sa muka yi alkawari. Ta ce Mama ba za ta iya ɗauka ba, Bernard kuma in ya ji ba zai sake iya kallonka ba, kai kuma ba ka da kowa sai su. Na ce mata kai fa, a gaya maka? Ta ce kai ne ma na farko da ba za a gaya wa ba.” Modupe ta fashe da kuka. “Ga shi ka sa na karya mata.”

Ya fito ya bi titi da ƙafa, bai san ya wuce gadar Kwangila ba sai da mai keke ya zage shi. Baƙin cikin da yake ji ba mai hawaye ba ne. Ya yi ta tunanin da ya ɗan rage wushiryar, da ya bar tabon nan bai sa ba, da hannunsa ya yi kuskure ko sau ɗaya a rayuwarsa.

Aka ci gaba da jiran ƙafa ta warke. Mama har man zafi ta saya ta ajiye. Bayan Kirsimeti dattijon ya zo da kansa har Hanwa, ya cire hula, ya ce zazzaɓi ya kama ta, ba ta tashi ba, sun binne ta a can. Babu gawa, babu kabarin da za a nuna.

Fada, limamin cocinsu, ya sa ranar addu'ar tunawa da ita. A Sabon Gari in za a yi irin wannan, akan buga fuskar mamaci a takardar shirin sujada da riguna, dangi da 'yan zumunta su sa. Mama ta zazzage hotunan Winifred a kan gado, na aure, na kwaleji, na katin aiki, tana ɗauka tana ajiyewa. A kowanne Winifred ta tsuke baki ta ƙame, don ita ba ta taɓa son mai hoto ba.

Mama ta ce, “Duk waɗannan ba ita ba ce. Auta, kai za ka zana mini ita.”

“Mama, na daina zane. Ko kayan ma babu.”

“Fensir ya ƙare a duniya ne? Ni dai ban samu gawar 'yata na wanke ba. Ka ba ni fuskarta in gani.”

Ya buɗe baki zai faɗa mata komai. Sai ya ga yadda tsohuwar ta riƙe gefen katifa da hannu biyu don kada ta faɗi. Ya ce to.

Ya zauna a tsakar gida kusa da famfo ya zana. Ya rufe mata baki, ya juya fuskar ta yadda girar hagu za ta shiga inuwa, ya daidaita ɗankwalin. Mace ce kyakkyawa mai natsuwa, wadda za ta iya zama yayar kowa. Ya kai wa Mama. Ta kai takardar kusa da ido, ta nisantar, ta miƙo masa.

“Wace ce wannan? Ina wushiryarta? Ina tabon murfin tukunyata? Kada ka yi mini haka, Auta, kai kaɗai ka san ta yadda na san ta. Sa mata abinta.”

Ya koma bakin famfon ya ɗauki wata takardar. Bai ɗauki lokaci ba, hannun ya san hanya. Da Mama ta gani sai ta rungume takardar ta yi kukan da ba ta yi ba tun zuwan dattijon, matan gidan suka shigo suka riƙe ta.

Ranar addu'ar coci ta cika har waje, kuma duk inda Gregory ya juya fuskar ce a ƙirjin mutane, tana dariya da bakinta a buɗe. Modupe tana can baya, ba ta sa rigar ba, ba ta kuma yarda sun haɗa ido ba. Da aka tashi, ana gaisawa a harabar, Bernard ya ratso mutane ya zo wurinsa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya kama hannun Gregory da hannuwansa biyu masu kaushi, ya riƙe.

Ya ce, “Na daɗe ina jin haushinka a raina kan zanen can, ka yafe mini. Ashe ƙafa ce ta sa suka riƙe ta. Wannan da ka yi, na gode. Zan sa shi a gilashi.”

Gregory ya ce ba komai. Sannan ya je ya taya yaran coci kwashe kujeru.